Layin Tsayi da Mataimakinsa

Takardar taswira shimfiɗaɗɗiya ce, amma ƙasa tana da tudu da kwari. To, yaya mai zane zai nuna su?

Ku sa dutse cikin daro, ku zuba ruwa kaɗan, ku zana alli a jikin dutsen daidai bakin ruwa. Ku ƙara ruwa, ku sāke zanawa. In kun leƙa ta sama za ku ga zobe cikin zobe. Irin wannan zobe shi ne layin tsayi, watau layin da ya bi wuraren da tsayinsu ɗaya ne. Inda layuka suka matsu, hawa yana da tsanani. Inda suka yi nesa da juna, ƙasa a miƙe take.

A taswirorin da safiyo suka yi wa Nijeriya wajen 1960, akan bar ƙafa 50 tsakanin layi da layi. Wannan ya dace da ƙasar duwatsu. Amma ku dubi ƙasar Kebbe da Tambuwal, a kudancin Jihar Sakkwato, inda Gulbin Zamfara yake ratsa fadamu. Nan jigawa ba ta cika fin fadama da ƙafa 50 ba, sai ta ɓuya tsakanin layi biyu. Alhali kuwa jigawar nan ita ce wurin gero da gida, fadama ta shinkafa ce. Wanda ya yi gini a kwari, damina za ta kore shi.

Saboda haka akan ƙara wani layi a rabin tazarar, watau ƙafa 25. Shi ne mataimaki, tsinke-tsinke ake zana shi don a bambanta shi da sauran.

Dā mai zane ne yake zaɓen wurinsa da ido. A shekarar 2000 wani kumbon Amurka ya auna tsayin yawancin ƙasar duniya cikin kwana 11. Yanzu akan ba kwamfuta irin wannan awo, a koya mata ƙa'ida. In layuka sun matsu, kada ta ƙara kome. In akwai fili, kuma wani tudu ko kwari ya ɓuya a ciki, ta zana mataimaki. Daga baya mutum ya duba aikinta, gama layin da bai faɗi sabon abu ba cunkoso ne kawai.

Tambayoyi

1. Mene ne layin tsayi?
2. Don me ƙasar Kebbe take bukatar mataimakin layi?
3. Ina ne kwamfuta ba ta zana shi?