Amsoshin Tambayoyinku: Garifuna, Mutanen Da Aka Kora Da Rogonsu

Tambaya: Wani ɗalibina ya nuna mini bidiyon wasu baƙaƙen fata a bakin teku a ƙasar Honduras, mata na daka a turmi, maza na kiɗan ganga, wai sunansu Garifuna. Jikokin bayin da aka kwasa daga nan ne? Kuma akwai abin koyi a al'adunsu ga irinmu da ke renon 'ya'ya a zango, nesa da ƙasar Hausa? Daga wata malamar makaranta, Kumasi.

Amsa: Tambayarki ta biyu ba ta amsuwa sai an bi ta kan ta farko, don haka ki yi haƙuri da ɗan tarihi.

Jinin Afirka ne a jikinsu, amma in kika kira ɗan Garifuna jikan bawa zai gyara miki zance, domin alfaharinsu shi ne al'ummarsu ba ta taɓa zama a hannun masu gonakin rake ba. Labarin da suka gada ya ce wajajen 1635 jiragen ruwa ɗauke da bayi suka nutse kusa da tsibirin Saint Vincent da ke tekun Karibiyan. Waɗanda suka tsira suka sami mafaka wurin 'yan asalin tsibirin, Karib da Arawak. Daga baya bayi masu gudowa daga Barbados da maƙwabtan tsibirai suka yi ta ƙaruwa, aka yi auratayya, 'ya'ya suka tashi da fatar Afirka da harshen masu masauki. Shi ya sa har yau harshen Garifuna ɗan gidan Arawak ne, ba na Afirka ba, ko da yake ƙidayarsu daga huɗu zuwa sama aron Faransanci ce.

A 1763 tsibirin ya faɗa hannun Ingila, Turawa suka sa ido a kan ƙasar noman waɗannan mutane. Aka gwabza yaƙi sau biyu. A na biyun aka kashe sarkinsu Joseph Chatoyer, ranar 14 ga Maris, 1795. Da aka ci su, sai aka kwashe mutum sama da 4,000 aka jibge a Baliceaux, wani ɗan tsibiri marar ƙorama, inda cuta da yunwa suka ci kusan rabinsu. Kimanin 2,000 da suka rage aka sauke su a tsibirin Roatán ranar 12 ga Afrilu, 1797. Daga nan suka bazu a gaɓar Honduras, Beliz, Guwatamala da Nikaraguwa, yau kuma unguwar Bronx a New York cike take da su.

To ga abin da ya kamata ya tsayar da ke: waɗanda aka bari a Saint Vincent, a kan ƙasar kakanninsu, harshen ya mutu a bakinsu. Waɗanda aka kora ne suka riƙe shi. Zama a gida bai tsare kowa ba, hijira kuma ba ta hallaka kowa ba. Me ya riƙe korarrun?

A ganina, aikin rogo ne, da matan da ke yin sa. Abincinsu na gado wata faffaɗar gurasa ce busasshiya mai suna ereba, da rogo mai ɗaci ake yin ta, irin wanda in an ci shi ɗanye yana iya kisa. Mace ɗaya ba ta iya wannan aiki. Tun asuba ake zuwa gona a haƙo, a ɓare, a wanke, sannan mata su jeru suna gurzawa a kan allon katako da aka dasa wa ƙananan tsakuwa. Sai a ɗura a cikin ruguma, wani dogon kwando siriri da ake saƙawa, a rataye shi a danne ƙasansa har ruwan dafin ya tsiyaye. Kashegari a tankaɗe, a gasa a kan faffaɗan kasko. Gurasar takan yi watanni ba ta lalace ba, abin da matafiyi a kwalekwale yake buƙata. Kuma duk tsawon gurzar nan waƙa ake yi, waƙoƙin da mata ke tsarawa a kan wanda ya mutu, wanda ya tafi ci-rani, da wanda ya yi abin kunya. Maza sukan yi watanni a wajen kamun kifi, ko saran katako, ko gonakin ayaba, ko aikin jirgin ruwa. Yarinyar da ke zaune gefen allon gurza ba ta san darasi take ɗauka ba, amma a nan take jin harshen da tarihin dangi. (Rogon da muke ci ma daga can nahiyar tasu Turawan Fotugal suka kawo mana shi.) Abin da kika ga ana dakawa kuwa mai yiwuwa hudutu ne, agade dafaffe da ake kirɓawa a ci da miyar kifi da madarar kwakwa. Ke da ke Kumasi za ki ce ƙanwar sakwara ce.

Akwai kuma dügü, wanda dole in yi bayaninsa da hankali. Yawancin Garifuna Kiristoci ne 'yan Katolika, amma suna riƙe da imanin cewa kakannin da suka mutu kan yi fushi in an manta da su, har wani a dangi ya kwanta ciwo. Sai a nemi buyei, mai duba na gargajiya, in ya ce dügü ake nema, a shiga shiri na watanni, wani lokaci fiye da shekara. A tura masunta teku, a tara abinci, a kwana ana kiɗa da rawa a ɗakin ibadarsu na tsawon kwanaki. Wannan ba aƙidarmu ba ce, ba kuma ita nake tallata miki ba. Abin lura shi ne yadda ciwon mutum ɗaya ke zama bashi a kan zuri'a duka. Na New York zai sayi tikiti ya zo, wanda bai iya zuwa ba zai aiko da kuɗi, masu gaba kuma ana son su shirya kafin a fara, domin ba a kiran kakanni a kan rigima. Mu da addini ya ɗora mana zumunci a wuya, sau nawa muke tara dangi in ba a gidan makoki ba?

Kada ki ɗauka komai lafiya lau ne. A 2001 hukumar UNESCO ta sa harshensu da kiɗansu da rawarsu cikin manyan kayan gadon ɗan Adam, amma takardar yabo ba ta sa yaro ya yi magana. A garuruwa da yawa yara sun koma Sifaniyanci ko Ingilishin Kiriyol, iyaye ma da shi suke yi musu magana, wai don su yi ƙoƙari a makaranta. Mawaƙi Andy Palacio, ɗan ƙauyen Barranco a Beliz, ya sha ba da labarin yadda ya je Nikaraguwa aikin yaƙi da jahilci a 1980, ya tarar da wani tsoho da ya cika da mamaki don ya ji saurayi na gaishe shi da Garifuna. Abin da ya gani can shi ya juya shi, har ya fitar da faifan Wátina a 2007, ya rasu a farkon 2008. Tun kafin shi, a 1941, Thomas Vincent Ramos ya kafa bikin 19 ga Nuwamba a Beliz. Har yau a wannan rana akan shigo garin Dangriga da sassafe cikin kwalekwale, ana kiɗa, ɗauke da irin rogo da 'ya'yan ayaba, don yara su ga da idonsu yadda kakanni suka iso da abin da suka zaɓi su riƙo.

Don haka in kina neman abin yi a zango, kada ki fara da ajin koyon Hausa na ranar Asabar, ko da yake yana da amfaninsa. Ki duba wane aiki ne a gidanki ake yi tare, kullum ko duk mako, da Hausa: tuƙa tuwo, suyar ƙosai, shirin suna, tatsuniya bayan Isha. In aikin ya koma hannun injin ko mai sayarwa a kasuwa, hirar da ke tare da shi ma ta tafi, sai an nemo mata wani wurin zama.

Ba harshe kaɗai ke cikin haɗari ba: yaƙin da ya fi damun Garifuna a Honduras yanzu na ƙasa ne. Masu otal-otal na bakin teku da gonakin kwakwar manja na cinye filayen ƙauyukansu. A 2015 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Nahiyar Amurka ta yanke hukunci a kan gwamnatin Honduras a shari'ar ƙauyukan Triunfo de la Cruz da Punta Piedra, amma ƙungiyarsu OFRANEH, ƙarƙashin Miriam Miranda, ta daɗe tana kukan ba a cika hukuncin ba. A Yulin 2020 wasu sanye da kayan 'yan sanda suka shiga Triunfo de la Cruz suka tafi da wasu mazaje, cikinsu har da shugaban kwamitin ƙauyen.