Darasi: Wa za ka ba gyaran ɗakinka?

Ƴan'uwa manoma, kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu lokacin gini ne. Daga Matankari har Gesheme, daga Kore Mairuwa har Dumega, kowa na duban ɗakin da damina ta ci. Mai kuɗin wake, da wanda ɗansa ya aiko masa daga ci-rani, duk suna neman magini.

A nan ake yin kuskure. Ranar kasuwa wani ya sauka daga mota da cokalin gini cikin jaka. Ya ce ya yi aiki Yamai, ya yi aiki Sakkwato. Ba shi da takarda. Ba wanda ya san ubangidan da ya koya masa. Amma jingarsa da sauƙi: in maginin gari ya ce jika 60, shi sai ya ce jika 35. To, araha ba ta ado.

Ku sani, gyara ya fi sabon gini wuya. Tsohon bango yana da ciwon da ba a gani, sai wanda ya ƙware.

Mu ɗauki yaɓen siminti. Mutane da yawa suna son a shafe bangon ƙasa da siminti, don su huta da yaɓen kowace shekara. Amma siminti da laka ba su kama juna sosai. In simintin ya tsage, ruwa ya shiga bayansa, ba ya samun hanyar fita. Daga waje bango sumul, daga ciki kuwa ƙasa ta jiƙe ta ruɓe. Wata rana cikin Agusta, da dare, iyali na barci, sai bango ya zauna. Magini na ƙwarai zai faɗa maka wannan tun farko. Ko ya kafa waya da ƙusoshi don yaɓen ya kama, ko ya ce ka bar shi da laka mai ramno. Na kan hanya ba zai faɗa ba, shi dai kuɗinsa yake so.

Haka rufi. In soro na yoyo, marar sani sai ya ƙara zuba ƙasa bisa tsohuwa. Bai duba azara ba, ko gara ta ci ta. Ƙasa in ta sha ruwa nauyinta ƙaruwa yake, azara kuwa ba ta kuka kafin ta karye. Indararo ma in ya yi gajere, ruwa gindin bango yake zuba. Kwanon da ba a ɗaure da kyau ba, iskar hadarin farko ta ishe shi.

Sai birgin siminti. Buhu ɗaya kilo 50 ne. A birgi mai rami na santimita 15, kada buhu ya wuce birgi 30. Mai ha'inci yana cika rairayi ya fitar da 50, sauran simintin ya bi dare. Birgi yana son ban ruwa safe da marece har kwana 7. Ka murza gefensa da yatsa: in ya zube, bai yi ba.

Wannan magana ba ta wasa ba ce. A daminar 2024 ruwa ya kashe mutum sama da 300 a Nijar, da yawa daga cikinsu ɗaki ne ya faɗa musu. Ruwa na Allah ne, gaskiya. Amma ba kowane ɗaki ne ya faɗi ba.

To, yaya za a yi? In aikin babba ne, ɗan kwangila ya nuna takardun da hukuma ta san shi da su. A cikin birni kamar Dogon Dutsi ko Tibiri, a je ma'aikatar magajin gari a tambayi izinin gini kafin a rushe ko a ƙara. A ƙauye, maginanmu da yawa ba su da takarda, kuma cikinsu akwai gwanaye. Takardarsu ita ce shaidar sarkin magina da ta mai gari. Ka ce a nuna maka ɗaki uku da ya gina, waɗanda suka ga damina uku. Ka je da ƙafarka, ka tambayi masu su.

Ku da kuka shiga yaƙi da jahilci, ga inda karatu zai yi muku rana. Ku rubuta jingar. A sa sunan magini da garinsu, aikin da zai yi, yawan buhun siminti, kuɗi, da ranar gamawa. Shaidu biyu su sa hannu. Kayan aiki ka saya da kanka, su kwana ɗakinka. Kada ka ba da kuɗi duka tun farko: kashi ɗaya kafin alƙalami, kashi ɗaya in aiki ya kai rabi, sauran sai an gama ka duba. In rigima ta taso, da wannan takarda za ka je gaban sarki ko alƙali. Wanda ya ƙi a rubuta, ka sallame shi da daɗin baki.

Aikin wannan mako: kowane ɗalibi ya rubuto takardar jinga ta gyaran ɗaki guda, ya kawo wa malam a karanta gaban jama'a.