Jaruntakar Shugaba Ita Ce Tsayawa Kan Gaskiya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Ya 'yan'uwa Musulmi, da yawa daga cikinmu suna zaton jaruntaka sai a fagen fama. Alhali kuwa akwai wadda ta fi wuya, watau shugaba ya tsaya kan gaskiya ran da mai laifi nasa ne.

Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Nana A'isha cewa lokacin buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, wata mata daga Banu Makhzum, babban gida cikin Ƙuraishawa, ta yi sata. Danginta suka aiki Usamatu ɗan Zaidu, abin ƙaunar Annabi (S.A.W.), ya roƙa mata sassauci. Nan take fuskar Annabi ta sauya. Ya yi huɗuba, ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen farko shi ne ƙyale babba da hukunta mai rauni. Ya rantse ko 'yarsa Fatima ce, hukuncin ke nan. Aka zartar, matar ta tuba, har ta yi aure.

To, kai alƙali, kai hedimasta, kai sarkin kasuwa, kai maigida mai mata biyu, kowa yana da ranar da nasa zai zo gabansa. In ka kau da kai don kunya ko tsoron manya, talaka ya gani, kuma daga ranar maganarka ta zube. Zargin dangi na ɗan lokaci ne, hisabi kuwa kai kaɗai za ka tsaya.

Allah Ya ba mu ƙarfin zuciya, amin.