Daga Daura Zuwa Katsina: Yadda Ake Shirya Gajeriyar Tafiyar Buɗe Ido

A littattafan labarin ƙasa mukan ga hotunan hanyoyin da suka bi gaɓar teku, ruwa a hannu ɗaya, itatuwan kwakwa a ɗaya hannun, kamar yadda ake gani wajen Badagiri a Jihar Legas. Mu a Daura ba mu da teku. Kafin mu kai bakinsa sai mun ci tafiyar da ta haura kilomita 1,000, kuma bakin ruwan da muka sani shi ne na madatsu irin su Sabke da Daberam. Amma wannan bai hana mu buɗe ido ba. Abin da mai shirya tafiya a bakin teku zai lissafa, shi ne mu ma za mu lissafa, watau nisa, da lokaci, da kuɗi, da lafiyar mota. Saboda haka muka ɗauki hanyar Daura zuwa Katsina don ta zama misalin darasinmu.

Da farko wasu daga cikinmu sun so a nufi arewa, a bi ta Mai'aduwa da Kwangwalam a shiga Matamaye har Damagaram. Shawara ce mai daɗi, amma ba mu karɓe ta ba. Iyaka ba ta da tabbas. Gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokin tudu a watan Agusta na 2019, ba ta fara buɗe su ba sai Disamba ta 2020. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin da aka yi a can ran 26 ga Yuli, 2023, aka kai Maris na 2024 kafin Nijeriya ta buɗe ɓangarenta. Ga kuma maganar takardun ƙetare iyaka na mutum goma sha takwas. Tafiyar yini ɗaya ba ta son irin wannan wahala.

Tsakanin Daura da Katsina kimanin kilomita 80 ne, ta Shargalle da Mashi. Katsina tana yamma da mu sak, kuma wannan ƙaramin abu yana da amfanin da ba kowa ke lura da shi ba. Idan muka tashi da safe muka nufi yamma, rana tana bayanmu. Idan muka juyo da la'asar muka nufi gabas, nan ma tana bayanmu. Direba ba zai yi ta fama da ita a ido ba, mu kuma za mu ga gonaki da itatuwa tas, haske na sauka a kansu. Ɗaliban Katsina da za su zo ganin Daura, su abin ya juye musu, rana za ta tare su zuwa da komowa.

Sai zaɓen lokacin shekara. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, mota cike da mutane sai ta koma tanda. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan rufe ƙasa, wani lokaci ba a hangen abin da ke gaba kaɗan, ga ƙura da tari. Da damina ƙasa tana da kyau ƙwarai, amma hadari ba ya yin sallama, kuma duk wanda ya sauka daga kwalta zai iya kafewa. A ganinmu kaka ta fi, watau daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba. A lokacin an yanke gero, dammuna na jere a gonaki, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran girbi, amalanken shanu na kai da kawo. A nan ne kuma za a ga abin mamakin gawo. Sauran itatuwa suna shirin kaɗe ganye, shi kuwa a lokacin yake fitar da sabo. Da damina tsirara yake tsayawa, don haka ba ya hana shuka samun rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Shi ya sa manomi ba ya saran gawo a gonarsa. Mai lura zai ga kuka, da tsamiya, da goruba, da kuma layukan bedi da aka dasa don tare iska da yashi. Wanda ya sa kai a waya daga tasha zuwa tasha, gara ya yi zamansa a gida, ya bar wa wani kujerar.

Yanzu ga lissafi. Dokar hanya ta ba motar bas damar gudun kilomita 80 a sa'a a kan babbar hanya, 50 kuma a cikin gari. To amma akwai ƙauyuka, akwai shingayen bincike, akwai garken shanu da ke tsallaka titi ba tare da neman izinin kowa ba. Saboda haka mu ɗauka za mu yi kilomita 60 a sa'a. Idan muka raba 80 da 60, muna da sa'a ɗaya da minti 20. Mu ƙara minti 30 na tsayawa a Mashi don miƙe ƙafa, ya zama kusan sa'a biyu. A watan Nuwamba rana takan faɗi wajen ƙarfe 6, don haka daga nan ake fara ƙirge a koma baya. In muna so mu shiga Daura da sauran haske, dole mu bar Katsina ƙarfe 3:30, ko da kuwa wani bai gama cinikin tsaraba ba.

Lissafin mai shi ma haka yake. Zuwa da komowa kilomita 160, zagayen cikin gari mu ce 20, jimla 180. Mu ƙaddara bas ɗin tana cin kilomita 8 a kowace lita. Ke nan muna bukatar lita 22 da rabi, amma sai mu sayi 30, domin mota mai kaya ta fi shan mai. Ba mu rubuta farashi a nan ba da gangan. Tun da aka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, farashin ya yi ta sauyawa, saboda haka a tambaya a gidan mai kwana biyu kafin tafiya, sannan a raba wa kowa kasonsa. A ware kashi ɗaya cikin goma a damƙa wa malami, kada a taɓa shi sai ta ɓaci.

Wannan shawara ta ƙarshe da wahala muka koye ta. A wata tafiya da muka yi a baya, taya ta fashe mana bayan mun wuce Mashi a kan hanyar komowa. Direba ya sauko da safaya, ashe ba iska a cikinta, jak ɗin ma sai da aka ara. Kuɗi kuwa duk sun tafi a kan tsire da rake. Sai da muka yi karo-karo da 'yan canjin aljihu kafin a hau babur a kai tayar wurin mai faci. Muka shiga Daura bayan isha'i, iyaye sun yi cirko-cirko a ƙofar makaranta, wata uwa har da kuka. Ba wanda ya ji ciwo, amma a jihar da wasu sassanta suka sha fama da 'yan bindiga, kowa ya san abin da ke zuwa zuciyar iyaye idan yaro ya yi dare a hanya. Tun daga ranar, jajibirin kowace tafiya sai malami da ɗalibai biyu sun je sun duba taya biyar da idonsu, da birki, da fitila, da baƙin mai, da ruwan lagireto. Ana kuma barin sunayen matafiya da lambar direba a ofis, kuma ba mai shiga mota sai da takardar yardar iyayensa.

Me za a gani? Kada a cika buri. Mu fara da Kusugu tun ƙarfe 7:30, domin da yawa daga cikinmu an haife mu a Daura amma ba mu taɓa leƙa rijiyar ba. A nan ne, bisa ga labarin da muka gada, Bayajidda ya kashe macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ran Juma'a, ya auri Sarauniya Daurama, aka haifi Bawo. Cikin 'ya'yan Bawo akwai Kumayo, wanda aka ce shi ya kafa sarautar Katsina. Ke nan tafiyar tamu daga gidan kaka ce zuwa gidan jika. Mun so mu ratsa Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, inda kaburburan sarakunan farko na Katsina suke, amma sai an bar babbar hanya, kuma lissafinmu bai ba da wannan sa'a ba. Mun ajiye ta don wata rana ta musamman.

A Katsina wuri biyu sun isa. Na farko Hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon kimanin mita 15, wadda ake danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Na biyu tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. An mayar da makarantar Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya, ita ce Kwalejin Barewa. Ginin na Katsina kuwa ya zama gidan adana kayan tarihi. A aika tun da wuri a ji ranaku da lokutan buɗewa, a kuma sanar da su yawanmu.

Kafin ranar tafiya, kowane aji ya ɗauki taswirar Jihar Katsina, ya bi hanyar da zare daga Daura zuwa Shargalle, zuwa Mashi, zuwa Katsina, ya auna zaren a kan ma'aunin taswira, ya rubuta abin da ya samu. Ran tafiya za mu karanta mitar mota a tashar Daura, mu sake karanta ta a Mashi da kuma ƙofar Katsina, mu ga ajin da zarensa ya fi kusa.