Ajin Bayan Kanti: Yadda Wata Ƙungiyar Taimakon Kai Ta Kai Mutanenta Ga Akwatin Zaɓe

Darasinmu na wannan karo zai kai mu ƙasar Amurka, zuwa wani tsibiri da ake kira Johns, kusa da birnin Charleston cikin jihar Karolina ta Kudu. A wancan zamani yawancin mazauna tsibirin baƙar fata ne, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka domin aikin gonakin shinkafa da auduga. A nan ne wata 'yar ƙungiyar taimakon kai da kai, wadda ba ta mallaki wani abin a zo a gani ba sai kanti guda, ta soma aikin da ya bazu ko'ina cikin kudancin ƙasar. Kafin mu shiga labarinta, ya kamata mai karatu ya san irin shingen da ta tarar a gabanta.

Haƙƙi a takarda

Tun cikin shekarar 1870 aka yi wa tsarin mulkin Amurka gyara na 15, wanda ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙin jefa ƙuri'a saboda launin fatarsa. Da a ce rubuta doka kaɗai ya isa, da zance ya ƙare tun a nan. Amma jihohin kudu suka yi wa dokar zagon ƙasa. Ba su fito fili sun ce baƙar fata ba zai yi zaɓe ba, sai suka gindaya sharuɗɗan da suka san ba zai iya cikawa ba. Tsarin mulkin da Karolina ta Kudu ta yi a 1895 ya ce mai neman rajista sai ya karanta, ya kuma rubuta, duk sashen tsarin mulkin jihar da aka nuna masa, ko kuwa ya kawo shaidar biyan haraji a kan dukiyar da ta kai dala 300.

A dubi wannan al'amari da kyau. Gwamnatin da ta bar 'ya'yan baƙar fata cikin makarantu marasa kayan aiki, ita ce kuma ta ce sai mai ilmi zai yi zaɓe. Akawun rajista kuwa Bature ne, shi ke zaɓen wurin da za a karanta, shi ke yanke hukuncin an ci ko an faɗi. Har wa yau, jam'iyyar Dimokurat, wadda ita kaɗai ke cin zaɓe a jihar a wancan zamani, ta hana baƙar fata shiga zaɓenta na fid da gwani, sai a 1947 da wani alƙalin kotun tarayya a Charleston, Waties Waring, ya yanke hukuncin cewa hanin ya saɓa wa doka.

Makaranta cikin mota

Esau Jenkins manomi ne a tsibirin, bai yi nisa a makaranta ba yana yaro. Yana da motar safa wadda yake ɗaukar ma'aikata daga tsibirin zuwa Charleston kowace safiya. Wata rana wata fasinja mai suna Alice Wine ta shaida masa cewa tana so ta yi rajista amma ba ta iya karatu sosai ba, ta roƙe shi ya taimake ta. Daga nan Jenkins ya riƙa buga sassan tsarin mulkin a takarda yana raba wa fasinjoji, yana yi musu bayani a hanya. Alice Wine ta haddace su, ta je ta sami rajista. Amma hadda dabara ce ta wucin gadi, ita kanta ta san haka, domin abin da take buri shi ne ta iya karatu na haƙiƙa.

A 1948 Jenkins da waɗansu maƙwabtansa suka kafa ƙungiyar da suka raɗa wa suna Progressive Club, watau Ƙungiyar Ci Gaba. Mambobi suna zuba ɗan kuɗi kowane wata domin agaza wa wanda ya shiga hannun hukuma. Da tafiya ta yi tafiya sai suka lura cewa belin mutum ɗaya a yau ba ya hana a kama wani gobe, muddin masu kamun da masu shari'ar ba su da wani dalilin jin tsoron ƙuri'ar mutanen tsibirin. Wannan tunani ne ya juya ƙungiyar daga aikin agaji kawai zuwa neman rajistar masu zaɓe.

Jenkins ya halarci wani taro a 1954 a makarantar manya ta Highlander da ke jihar Tenesi, bisa gayyatar wata malama 'yar Charleston, Septima Clark, wadda ta taɓa koyarwa a tsibirin tana budurwa. A can ya faɗi buƙatarsa a fili: makarantar da za ta koya wa manya karatu har su ci jarrabawar rajista. Ita Septima Clark an kore ta daga aikin koyarwa a 1956 domin ta ƙi fita daga ƙungiyar NAACP mai neman haƙƙin baƙar fata, sai ta koma Highlander da aiki. Makarantar ta ba ƙungiyar rancen dala 1,500, suka sayi wani tsohon gini. Gaba suka mai da shi kantin kayan masarufi, baya kuwa aji. Duk Baturen da ya wuce, abin da zai gani kawai shi ne mutane suna shiga sayen gari da sukari. Ribar kantin kuma da ita aka riƙa biyan bashin.

Malamar da ba malama ba

A ganinmu babbar hikimar wannan aiki tana wajen zaɓen mai koyarwa. Ba a ɗauko malamin makaranta ba. An zaɓi Bernice Robinson, 'yar'uwar Septima Clark, mai sana'ar gyaran gashin mata. Dalili biyu ne. Na farko, abincinta ba a hannun Turawa yake ba, babu mai korarta daga aiki kamar yadda aka kori 'yar'uwarta. Na biyu, an ji tsoron kada ƙwararren malami ya riƙa yi wa dattawa magana kamar yara, su kuwa su ji kunya su daina zuwa. Wanda ya taɓa leƙa ajin yaƙi da jahilci a ƙasarmu ya san yadda raini kaɗan ke watsa aji.

An buɗe ajin cikin Janairu 1957 da ɗalibai 14, ana zama da dare sau biyu a mako, a watannin da aikin gona ya lafa. Tun daren farko ta gaya musu cewa ita ba malama ba ce, tare za su koya. Ta zo da littattafan yara, nan da nan ta ga ba su dace ba, ta ajiye su, ta tambayi ɗaliban abin da su da kansu suke so. Wani yana so ya rubuta sunansa maimakon zana alamar gicciye a takarda. Wata tana so ta karanta wasiƙar ɗanta ba tare da ta kai wa wani ya san sirrinta ba. Waɗansu suna so su cika takardar aika kuɗi ta gidan waya, ko takardar odar kaya. Sai ta riƙa rubuta wa kowa sunansa a kwali yana bin sahu da fensir, ta riƙa rubuta labarin da suka ba ta na gona da gida, su karanta maganarsu da bakinsu. A bango kuma ta manna takardar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 game da haƙƙin ɗan Adam, domin su san inda karatun ya dosa. Daga nan ne aka gangara zuwa takardar rajista da sassan tsarin mulki.

Ajin ya cika, aka buɗe waɗansu a tsibiran Wadmalaw da Edisto. A 1961, shekarar da jihar Tenesi ta ƙwace harabar Highlander, aikin ya koma hannun ƙungiyar SCLC ta Martin Luther King. Septima Clark da Dorothy Cotton da Andrew Young, wanda daga baya ya zama jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, suka riƙa horar da sababbin masu koyarwa a jihar Jojiya, su kuma su koma garuruwansu su buɗe aji a coci, ko a shago, ko a ɗakin girki.

Dokar 1965 da abin da ya biyo baya

Ran 7 ga Maris 1965 'yan sanda suka far wa masu zanga-zangar lumana da kulake da barkonon tsohuwa a kan wata gada a garin Selma, jihar Alabama, duniya tana kallo a talabijin. Ran 6 ga Agusta na wannan shekara Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a Dokar Haƙƙin Zaɓe. Dokar ta dakatar da jarrabawar karatu a jihohin da suka yi ƙaurin suna, ta ba gwamnatin tarayya ikon tura jami'anta su yi wa mutane rajista, ta kuma wajabta wa waɗannan jihohi neman izinin tarayya kafin su sauya kowace ƙa'idar zaɓe. A jihar Misisifi, baƙar fata masu rajista ba su kai kashi 7 cikin ɗari ba kafin dokar, amma zuwa 1967 sun kusa kashi 60. Karolina ta Kudu da kanta ta kai ƙara Kotun Ƙoli tana neman a soke dokar, ta sha kaye a 1966. A 1975 aka haramta jarrabawar karatu a duk faɗin ƙasar har abada.

Sai dai ba a nan shari'a ta tsaya ba. A 2013 Kotun Ƙoli ta soke sashen dokar da ke tantance jihohin da tilas su nemi izini, saboda haka wannan sharaɗi ya daina aiki, aka kuma shiga sabon zagaye na ƙararraki a kan katin shaida da shata mazaɓu. Esau Jenkins bai ga wannan ba, ya rasu a 1972. Ginin da ƙungiyar ta yi a 1963 guguwar Hugo ta lalata shi a 1989, amma a 2007 an sanya kufansa cikin jerin wuraren tarihi na ƙasar Amurka.