Su Wa Ke Ba Gwamnati Shawara Kan Haɗin Kan Ƙasashe?

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi yana tambaya: kafin ƙasa ta shiga yarjejeniya irin ta ECOWAS, wa ke zama ya auna mata riba da asara?

To Malam, aikin cibiyoyin bincike na gwamnati ke nan. A Najeriya akwai Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasa da Ƙasa da ke Legas, wadda aka kafa a 1961, da kuma wata cibiyar da ke Kuru kusa da Jos, ta 1979. Masana irin nasu kan duba me cire harajin kwastan zai jawo wa masana'antu da 'yan kasuwa, su miƙa rahoto. Shawara ce dai kawai, wuƙa da nama na hannun shugabanni, kuma sau da yawa rahoton kan kwana a durowa.

Dubi yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka. A 2018 Najeriya ta ƙi sa hannu a Kigali, saboda ƙorafin masu masana'antu da ƙungiyar ƙwadago. Shugaba Buhari ya kafa kwamitin da ya yi nazari, sannan ya rattaba hannu a Yamai, a Yulin 2019.