Tudu Yana Saukowa Fadama

Jama'ar Tambuwal da Kebbe, duk damina ruwa yana kwaso tudu ya jibge mana a fadama, mu kuwa sai mu ce ƙaddara ce. Lalle komai da ikon Allah yake, amma gatari da diga a hannunmu suke.

Tuddan nan namu masu shimfiɗaɗɗen kai, marmara ce a samansu, ƙarƙashi kuwa yashi ne da yumɓu masu taushi. Ku dubi katangar ƙasa wadda maigida ya yi sakaci da yaɓenta. Gindinta ruwa yake lasa, bana kaɗan, baɗi kaɗan, ita kuwa tana tsaye kyam, yara na wasa a inuwarta, tsofaffi na jingina da ita suna hira, ranar da za ta zube ko iska babu. To, haka tudu yake. In ruwa ya rarake ƙasa mai taushi, sai marmara ta tsage, ta ɓalle, ta gangaro.

Dutsen da ya faɗo ba nan yake tsayawa ba. Yakan farfashe ya zama tsakuwa, ruwan Agusta ya tura shi cikin kwazazzabo, ya nufi Gulbin Zamfara. Inda gudun ruwa ya ragu, nan yake sauke kayansa: manyan duwatsu tukuna, sannan tsakuwa, yashi kuwa sai ya kai gonar shinkafa da albasa. Fadamar da yashi ya binne ba ta farfaɗowa da wuri. Cikin gulbi ma yakan cike, har ruwan da a da yake wucewa salin alin ya rasa hanya, ya faɗa gari.

Ko Turai abin bai bari ba. A watan Mayu 2025, dutse da ƙanƙara sun ɓalle suka binne yawancin ƙauyen Blatten a ƙasar Suwizalan, suka toshe kogin Lonza. An kwashe mutanen garin, kimanin 300, tun kafin ranar, domin suna sa ido kan dutsensu. Namu tuddan ba su kai nasu tsawo ba, amma wa ke sa musu ido?

Kai mai haƙar marmara da yashi a gindin tudu kana cika tifa, da kai mai sare itacen gangare domin gawayi, ku ji tsoron Allah! Kuɗin tifa ɗaya kuke gani, ba ku ganin gonar marayan da ke ƙasa. Cutar da maƙwabci haramun ce, ko da ruwa ka aika ya yi maka aikin.

Sauran abubuwan sanannu ne. Kada a yi gini a gindin tudu ko bakin kwazazzabo. A yi huɗa a gicciye, a jera duwatsu su tare ruwa, a dasa jema da gamba. Wanda ya ga sabuwar tsaga a kan tudu ya sanar da mai unguwa a ranar, shi kuma ya kai wa hakimi.